Shuɗin Fenti a Ƙeyar Hular Kakana

Ƙwal! Ƙarar da ta jagula mini tafiya ke nan tun ban ɗaure akwati ba. Ina share ɗakin Baba da hantsi, doguwar tsintsiyar cire yana ta taɓo ƙusa, hular kwanon kakanmu ta faɗo tana ta juyi a kan siminti kamar faranti.

Tun da na dawo daga Maleshiya, ku matan Islamiyyarmu kun hana ni shan ruwa. Wannan ta ce yaya garin, waccan ta ce da gaske ne ba a ɗauke wuta, wata kuma mayafinta kawai take tambaya. Na gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku dai kun san zaman jegon 'yata Hafsa ne ya kai ni. Abin da ba ku sani ba shi ne rabin zaman a kan hular nan ya ƙare.

Kakanmu, Alu Soja, ya je yaƙin Bama ya dawo da ita, ya rasu Baba yana tatata. Baba bai san fuskarsa ba, babu hoto, babu riga, sai hular nan. A goshinta akwai ƙaramin tauraro na ƙarfe. A cikinta akwai wani farin rubutu kamar sawun kaza. A samanta huji ne birjik, waɗanda tun muna yara ake ce mana harsasai ne suka huda amma ba su taɓa shi ba. A ƙeyarta kuma an zana da'ira da shuɗin fenti, da ɗigo uku a ciki.

Ƙanena Nasiru ne ya shigo da jin ƙarar. Mutumin kirki ne, yana da karatu, sai dai zafin kai. Ya ɗauki hular ya juya ta, ya daɗe yana kallon shuɗin zanen.

"Baba, wannan fa hatimi ne," in ji shi. "Mutum ya sha harsashi haka bai mutu ba, ga da'ira ga ɗigo-ɗigo? Ai tsafi ne muke rataye da shi a ɗakin da kake salla. A kai ta kududdufi."

Ranar Baba bai ci tuwo ba, washegari ma sai koko. Da na matsa masa sai ya ce, "Rabi, shekara nawa ina roƙa wa mutumin nan gafara. Ashe da abin da ya je wa Ubangijinsa ke nan?" Wallahi sai da na fita tsakar gida na share hawaye.

Surukina, Baban Walida, wanda ke karatu a can, shi ya ce a waya akwai masu tara tsofaffin kayan soja a Kuala Lumpur, kuma yaƙin ai a waccan nahiyar aka yi shi. An tura hoto, suka ce sai sun riƙe a hannu. Baba ya naɗe hular a tsohon rawaninsa ya miƙo mini.

"Tafi da ita. In an tabbatar ba tsafi ba ce, ki dawo mini da abata. In tsafi ce, ko aka kasa ganowa, ki jefa ta a tekun can. Kada in sake ganinta."

Kun san ni da ƙin asarar wuri. Da na ga hula ga rami a ciki, sai na cika ta da ƙullin daddawa da kuka. Yajin jego kuma na zuba a wata tsohuwar tasa mai murfi da na gada daga kakarmu Iya, matar Alu, don ita kaɗai ce murfinta ke kamawa gam. A filin jirgin Kano, mai duba kaya ya kwance rawanin, ya dube ni da hijabi har ƙasa, ya dubi hular.

"Hajiya, wace bataliya?"

"Bataliyar masu jego," na ce masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in wuce Allah ya kiyaye hanya.

Jirgi kam ba abin da zan ce sai Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro tafiyar ƙasa. Ƙafafuna suka kumbura kamar an hura. Muka sauya jirgi a wata ƙasar Larabawa, na yi ta bin wata mata mai atamfa ina zaton tafiyarmu ɗaya, ashe Indiya za ta kai mijinta asibiti. Saura ƙiris in je jinyar da ba a gayyace ni ba. Lokutan salla kuwa suka rikice mini, rana ta faɗi ta fito ban gama lazimi ba.

A bakin shiga Maleshiya wata yarinya ce mai ɗan ƙaramin hijabi da kakin aiki ta tsayar da ni. Ga ladabi, ga murmushi, ga taurin kai. Na'urarsu ta nuna mata ƙarfe, ta ce a buɗe. Tana ɗaga ƙullin daddawa ta ja da baya tana toshe hanci, ta kira abokan aikinta. Da ɗan Turancina na sakandare na yi ta bayani, cewa wannan na miya ne, wannan na kakana ne. Suka juya hular, suka yi ta magana da yarensu, har ɗaya ya kifa a kansa aka yi dariya. A ƙarshe suka bar mini hula da daddawa da yaji, suka riƙe kilishin da na yo wa surukina takanas, wai nama ba ya shiga. Har yau in na tuna kilishin nan sai raina ya sosu.

Su Hafsa suna zaune a Setapak, unguwar ɗalibai, a wani dogon bene da in ka leƙa ƙasa sai ka ga motoci kamar ƙwari. Takardun tafiya sun makarar da ni, na tarar har an yi suna, jariri namiji tubarkalla. Yayarsa Walida, takwarata, shekararta biyar, ta tsaya daga bayan ƙofa tana leƙena. Na ce, "Zo mana ƙawata." Ta dubi uwarta ta yi wata magana da Turanci. Hausar tana ji sarai, mayarwa ce sai ta ga dama, kuma kowace magana sai ta liƙa mata "lah" a wutsiya kamar 'yan garin.

Yanzu ku gaya mini yadda ake wankan jego a gidan da babu tsakar gida, babu murhu, babu itace, babu ganyen darbejiya. Da butar lantarki na riƙa dafa ruwa ina juyewa a bokiti, kafin ta biyar ta tafasa ta farko ta huce. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa, wani abu a rufin ɗaki ya ɗau kururuwa kamar an yanka akuya. Jariri ya tsala ihu, maƙwabta suka fito, mai gadi ya hau da gudu yana haki. Ni kuma ina tsaye da kasko a hannu. Hafsa ta ce, "Umma, ai na gaya miki." Ba ta gaya mini ba.

Wannan abin kunyar ne ya haɗa ni da maƙwabciyarsu, wata dattijuwar Bamalaya da ake kira Makcik Salma. Ta shigo ta shinshina turaren, ta ɗaga mini babban yatsa. Ashe su ma suna da jegonsu. Suna gasa dutse su naɗe a zane su dinga danna wa mai jego a ciki, su ɗaure ta da dogon ƙyalle tamau, su hana ta ruwan sanyi. Ni da ita ba mu da yare ɗaya, amma a kan hana Hafsa shan ruwan firji bakinmu ya zo ɗaya tun ranar farko. Abincinsu ne dai ban gane ba. Shinkafa da sassafe, an dafa ta da madarar kwakwa, ga wasu 'yan mitsi-mitsin kifi, ga yaji mai sukari. Sukari a miya, jama'a! Ta taɓa kawo mini wani ɗan itace mai ƙaya, durian, warinsa kamar an bar albasa a rana ta ruɓe. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ni ce na ƙetaro teku da daddawa, na ja bakina na yi shiru.

Duk wannan hidima, hular na ƙarƙashin gado tana cin raina. Duk wayar da na yi da Baba, bayan ya tambayi jariri sai ya ce, "Ba labari?" In ce tukuna.

Muka fara da limamin ƙaramin masallacin benen. Ya sa tabarau ya duba farin rubutun, ya ce ba Larabci ba ne, ba kuma irin ajaminsu ba ne. Shuɗin zanen kuwa ya ce Allah ne masani. Wani ɗalibi ɗan Kaduna ya ɗauki hoto da waya ya ce yanzun nan zai gano, wayar ta nuna masa tukunyar shuka fure. Direban motar haya, wani Ba'indiye, ya ga na rungume ta ya ce in babur zan hau wannan ba za ta wuce wajen 'yan sanda ba. Ranar da muka je titin kantunan da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen mayafanku, ke Hajiya Binta da kika ce lallai sai ruwan toka mai duhu, na yi ta jan hular a jaka daga kanti zuwa kanti don an ce akwai mai kayan da a wani lungu. Muka samu lungun, mutumin ya koma sayar da labule. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kuma haka yake yi kusan kullum da la'asar, babu hadari babu sallama. Na koma gida jiƙe sharkaf, mayafin kuma ga shi kin ce bai yi duhu ba.

Sai wata Lahadi Baban Walida ya kai ni wata kasuwar tsofaffin kaya a ƙarƙashin wani katafaren kanti. Tafiya da suruki ma wani aiki ne, yana gaba yana sunkuyar da kai, ina baya ina sunkuyar da kai, saura kaɗan mu ɓace wa juna a tashar jirgin ƙasa don kowa na jin nauyin kiran wani. A can muka samu wani tsoho ɗan asalin Sin, ana ce masa Ankul Wong, teburinsa cike da huluna da butocin soja. Yana ganin tamu ya miƙe tsaye. Ya goge hannunsa kafin ya karɓa, abin da ya sa na ji ya kwanta mini.

Shi yana magana, surukina yana fassara mini. Ya ce wannan ba hular sojan Ingila ba ce, ta sojan Japan ce, tauraron ne shaida. Wato kakanmu tsinto ta ya yi ko ya karɓo a fagen fama. Farin rubutun kuma ya karanta, don haruffansu suna kama da na Sin. Ya ce sunan mai hular ne da lambar rundunarsa, yadda yara ke rubuta suna a littafi. Ashe duk shekarun nan sunan ɗan wata mata ne rataye a ɗakin Baba, ita kuma wataƙila ta mutu tana duban hanya.

Da ya zo kan hujin sai ya shafa da yatsa ya girgiza kai.

"Umma, wai ba harsashi ba ne," in ji surukina. "Wai 'yan ƙananan nan na sama da su aka ƙera ta, don iska. Sauran kuwa ƙusa ce, kuma daga ciki aka buga."

"Ƙusa? Wane mahaukaci ne zai huda hularsa da ƙusa?"

"Wai shi ma abin da yake tambaya ke nan."

Saura shuɗin zanen. Tsohon ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya ɗauko littattafai, ya kira maƙwabtansa masu tebur. Wannan ya ce alamar masu ɗaukar majinyata ce. Wancan ya ce ta masu igwa ce. Suka tura hoto wa abokansu a wasu ƙasashe, amsoshi suka yi ta shigowa, babu biyu da suka dace. Wani mai dogon gashi ya ce shi a ganinsa laya ce irin ta wuraren bautarsu. Surukina ya yi jim kafin ya fassara wannan, amma na riga na gani a fuskarsa. Ankul Wong ya daka wa mutumin tsawa, ya ce kada ya faɗi abin da bai sani ba. Ya juyo gare ni ya ce gaskiya shi bai taɓa ganin irinta ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Ya nemi in sayar masa. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ta komawa gida ce ko ta teku.

Na kira Nasiru na gaya masa rubutun suna ne, hujin kuma ƙusa. Ya ce, "To madalla, Yaya. Hatimin fa?" Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi istigfari a kansa.

Arba'in ta zo, tafiyata ta matso. Har na tambayi Baban Walida ko tekun da nisa, ya ce akwai tafiya amma zai kai ni. Na kasa kiran Baba.

Ranar arba'in ɗin matan 'yan uwanmu suka cika gidan, daga Setapak har masu zuwa daga Sri Petaling, matan malamai da na ɗalibai. Kowace da kular abincinta, waina, dambu, funkaso, sai ka ce a Gwammaja muke. Da aka watse aka zo rabon kwanuka sai rigima ta tashi, don duk a kanti ɗaya suke saye.

"Maman Hanif, wannan tawa ce fa."

"Taki a ina? Juya gindinta ki gani. Ni duk kayana da jan farce nake ɗiga musu, tun ranar da Maman Amira ta cinye mini kula biyu."

"Allah ya isa, ni ce ma ɓarauniyar?" in ji Maman Amira. "Haba! Ke da kika riƙe mini ludayi tun azumin bara!"

Ana ta shewa, ni kuma ina bakin famfo ina wanke tasar Iya da yaji ya ƙare a ciki. Haushin duniya ya ishe ni, sai na huce a kan tasar, na kifa ta ina dirzar baƙin gindinta da soson ƙarfe, baƙin da ya fi ni shekaru. Yana fita sai ga shuɗi. Na ƙara dirzawa. Rabin da'ira, da ɗigo biyu, na ukun ya goge saura inuwarsa.

Na zauna a ƙasan kicin ɗin da kumfa a hannuna. Hafsa ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce ta ɗauko mini hular. Muka jera su. Fenti ɗaya, hannu ɗaya, har yadda da'irar ta karkace ta hagu.

A take na sa aka kira Ɗambatta, wajen Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda kunnenta ya yi nauyi har ba a cika kiranta ba sai da salla. Jikarta ta kara mata wayar, na yi ta ihu daga Maleshiya.

"Gwaggo! Hular Baba Alu! Mai huji!"

"Wace? Au, madambacin Iya?"

"Madambaci?"

"Shi mana. Bayan rasuwar Babanmu madambacin ƙasar ya fashe, ba halin sayen wani. Iya ta samu ƙusa da dutse ta huda wannan, ni na riƙe mata. Ai dambun da ya yi ba a magana, har sayarwa muka yi. Unguwa kaf aro suke zuwa, ya ɓata ya fi a ƙirga, shi ne ta sa masa alamarta da ragowar fentin ƙofa, irin ta kwanukanta. Ɗigo uku, mu 'ya'yanta ke nan, ni da marigayiya Ladi da ubanki. Daga baya kawunmu ya gani ya yi faɗa, wai an wulaƙanta kayan maza, ya rataye shi. Wa ya ce miki harsashi? Ƙaryar yaran unguwa ce. Me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

Me ya sa kuwa? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na ɗauki ƙarfe na ƙetare duniya da shi, na rasa kilishi, na sha ruwan sama, na tara tsofaffin Sin a kan madambaci, alhali amsar tana Ɗambatta tana jan carbi.

Muka kira Baba ta waya mai hoto, Nasiru ne ya riƙe masa. Na nuna masa hular da tasar gefe da gefe, na maimaita abin da Gwaggo ta ce. Ya matso da fuskarsa har sai goshinsa kawai nake gani. Can ya ce, "Wanne ne ni a ciki?"

Na ce, "Gwaggo ta ce na ƙasan, ƙaramin."

Sai na ji yana dariya, irin wadda ke haɗe da kuka. "Allah ya jiƙan Iya. Allah ya jiƙan Alu. Rabi, ki naɗe mini ita da kyau." Daga bayansa Nasiru ya yi gyaran murya ya ce alhamdulillahi, shi dama kariya yake yi, kuma zai sa a buga sabuwar ƙusa mai ƙwari. Ya kuwa buga. Hular tana can a kanta yanzu, Baba kuma yana cin tuwonsa. Ankul Wong ma mun aika masa bayani, surukina ya ce tsohon ya yi ta dariya, ya roƙi a ɗauko masa hoton dambu ya gani.

Safiyar da zan taho, na idar da walha ina zaune a kan darduma, gajiya ta sa gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na farka na ji sanyi-sanyi a bayan hannuna. Walida ce durƙushe da kwalbar jan farcen da Maman Hanif ta manta, ta zana mini wata karkatacciyar da'ira da ɗigo uku, har ya bushe. Ga mota tana jira a ƙasa, ga alwalar azahar a gabana, ga abin da ba ya fita da ruwa.

"Ke takwara! Wace irin ɓarna ce wannan? Da me zan yi alwala?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta rufe kwalbarta, ta dube ni, ta yi mini Hausa mafi tsawo da na ji daga bakinta tun zuwana.

"Na sa miki alama lah, Hajiya. Aro na ba su ke. Su dawo mini da ke."